Kafin Ka Ɗora Wa Matarka Laifin Rashin Haihuwa

Ɗan'uwa mazaunin Soba ko Omdurman, idan shekara ta cika da aure ba a samu ciki ba, kai ma ka je a gwada ka. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, amma mace kaɗai ake ta ɗirka wa jiƙe-jiƙe. Wannan zalunci ne.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta shigo fannin. Kwamfuta na ɗaukar hoton maniyyi ta madubin likita, ta ƙirga ƙwayoyin, ta auna motsinsu da siffarsu. A 2025 Jami'ar Columbia ta Amurka ta sanar da samun ciki bayan irin wannan na'ura ta zaƙulo 'yan ƙwayoyi a maniyyin mutumin da aka ɗauka ba shi da ko ɗaya. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitocin Khartum da dama, don haka fara da gwajin da ke kusa da kai.

Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya fara daga ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamako ya yi ƙasa, a sake bayan wata 3, domin sabbin ƙwayoyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin su nuna. Ka gaya wa likita idan ka taɓa yin tsargiya ko hangum. Ka bar sigari da shisha.

Na'urar ƙirga maniyyi ba ta gano kumburin jijiyoyin maraina, sai likita ya duba. Ku tafi tare da maiɗakinka.