Amsar Tambaya: Shin Talauci Gado Ne?

Wani magidanci daga Dodoru, a ƙasar Gwandu, ya rubuto cewa kowace shekara yana noma gero da shinkafa, amma kafin damina ta raba tsakiya rumbunsa ya ƙare, har ya fara zaton talauci gado ne a gidansu.

Malam, Allah ya yi maka buɗi. Haƙiƙa arziki na hannun Allah, amma malaman shari'a, har da na wannan ƙasa da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne, da kaka, lokacin da kowa ke kai buhu kasuwa farashi ya faɗi warwas, kakan sayar da rabin amfaninka saboda biki da gudummawar da kake jin kunyar hanawa, sa'an nan a watan Agusta ka koma ka auno hatsin nan da tiya, da tsada, wani lokaci ma da bashi.

Saboda haka bana, idan ka fitar da zakka, ka ware iri da abincin gida ka rufe rumbu, ka ɗauki abin da ya saura a matsayin jari. Sayi ɗan rago ka yi kiwonsa da harawa da dusa har Babbar Sallah, kuɗinsa kuwa ka zuba a noman rani na albasa, kamar yadda mutanen Aliero suke yi.