Kai Yara Wuraren Wasa na Dubai da Abu Dabi Lokacin da Aljihu Ba Nauyi

Iyali mai mutum shida, wato maigida da uwargida da yara huɗu, in suka tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin manyan wuraren wasa na Dubai ko Abu Dabi, kuɗin shiga na yini guda zai kai dirhami 2,000 ko kusa da haka, domin tikitin mutum ɗaya yana kaiwa dirhami 300 zuwa 400. Dirhami kuwa ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, ke nan an haura dala 500 tun ba a kurɓi ruwa ba. Duk ranar da naira ta faɗi a kasuwar canji, tikitin nan ya ƙara wa mutumin Kano ko Kaduna tsada, ko da masu wurin ba su ƙara kwabo ba. Wanda ya daɗe yana yi wa yara alkawarin wannan tafiya ba sai ya fasa ba. Sai dai ya yanke shawara tun daga gida cewa wuri ɗaya ko biyu za a shiga, sauran kwanakin kuma a cika su da abin da ba ya cin kuɗi.

Kafin komai, a ɗauko tef ɗin tela a auna tsayin kowane yaro a rubuta. Kowane lilo yana da sandar awo a bakinsa, kuma ma'aikacin da ke tsaye a wurin ba ya jin magiya. A Ferrari World da ke tsibirin Yas na Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2010, akwai Formula Rossa, jirgin lilon da ke gudun kilomita 240 a awa guda, amma sai wanda ya kai santimita 140 ake bari ya hau. Yaro ɗan shekara shida zai iya yini yana kallon yayyensa suna ihu a sama, alhali an biya masa kuɗi masu yawa. Legoland na Dubai kuwa don yara 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi, saurayi ɗan shekara sha biyar zai gaji da shi kafin azahar. In yaran sun bambanta a shekaru, Warner Bros. World da aka buɗe a 2018 ya fi haɗa kowa, tun daga masu son Tom da Jerry har masu son Batman. Haka ma Motiongate, inda Shrek da Kung Fu Panda suke. In da kaka a tafiyar, ko uwargida tana da juna biyu, SeaWorld na Abu Dabi da ya buɗe a 2023 ya fi dacewa, domin yawancin abin da ke ciki kallo ne na kifaye da dabbobin ruwa. Kowane wuri yana da jerin tsayin da ake buƙata a shafinsa na intanet. A ƙirga lilo nawa kowane yaro zai iya hawa, sannan a zaɓa.

A sani kuma babban da ba zai hau komai ba, cikakken kuɗi zai biya. Babu laifi a raba tawaga: Baba ya tafi da manya wurin lilo masu tsinka zuciya, Mama ta tafi da ƙanana bakin teku. Jarirai da 'yan ƙasa da shekara uku yawanci ba a biya musu, a wani wurin kuma da tsayi ake yanke hukunci, don haka a riƙe fasfo ɗin yaro a jaka.

Lokacin tafiya shi ne ke yanke mafi girman kaso na kuɗin. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana da daɗi, kuma a lokacin ne otal-otal suka fi tsada, musamman ƙarshen Disamba da farkon Janairu. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana haura digiri 40, ga gumi mai nauyi na bakin teku wanda ko ɗan Sakkwato sai ya ji a jikinsa, sai kuɗin ɗaki ya sauko sosai. Dogon hutun makarantun Najeriya a tsakiyar wannan lokacin yake faɗowa. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya cin moriyar hakan, muddin ya zaɓi wuraren da ke rufe da na'urar sanyaya wuri, irin su Warner Bros. World da SeaWorld da IMG Worlds of Adventure. Motiongate da Legoland kuwa ba a rufe suke gaba ɗaya ba, dole a yi ta yawo a fili, ni dai ba zan ba kowa shawarar kai ƙananan yara can da tsakar ranar Agusta ba, komai rangwamen da aka yi. A lokacin zafin ne kuma otal-otal na tsibirin Yas kan fito da tsarin da yara ke kwana da shiga wuraren wasa kyauta in suna tare da manyan da suka biya. Wani lokaci kwana ɗaya ko biyu a irin wannan otal ya fi sayen tikiti daban araha, amma sai an zauna da biro da takarda an lissafa, kada a bi talla kawai.

Sai ranar shiga. Tun Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a can ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. A shiga tsakanin Litinin da Alhamis, a isa kafin a buɗe ƙofa, a fara da lilon da aka fi rububi. Wanda ya yi haka ba ya buƙatar tikitin tsallake layi, wanda ake sayarwa daban kuma yakan ƙara kuɗi mai tsoka a kan kowane mutum.

Kada a sayi tikiti a bakin ƙofa, na intanet ya fi sauƙi kusan koyaushe. Wuraren Yas guda huɗu, wato Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld da Yas Waterworld, suna da tikitin haɗaka na wuri biyu ko uku ko huɗu wanda ake amfani da shi a ranaku daban-daban, kuma kuɗin kowane wuri yana raguwa. Tikitin wuri biyu shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Na huɗu yana da daɗin gani a lissafi, amma ƙafar yara ba ta kai wa, ga kuɗin mota da na abinci na kowace rana. Tikitin shiga wuri biyu a yini guda da ake sayarwa a Dubai Parks and Resorts, inda Motiongate da Legoland suke, ma haka yake, mai ƙananan yara da ƙyar yake gama wuri ɗaya. Akwai kuma tikiti mai rahusa na mazauna ƙasar, wanda sai an nuna katin zama a ƙofa. In wani ya yi maka tayin irinsa a WhatsApp da sunan yana da hanya, ka bar masa kayansa, domin ana iya mayar da kai daga ƙofa ka sake biya a gaban yaranka.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: kada a biya kuɗin tikiti ko na otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya koma Legas ranar 1 ga Oktoban 2024. Sharuɗɗan suna da tsauri kuma suna sauyawa. A kama otal da ke ba da damar sokewa kyauta, tikitin wurin wasa kuma a bari sai biza tana hannu. Jiragen da ke yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira sukan fi na kai tsaye sauƙi, kuma jaririn da bai kai shekara biyu ba, wanda za a riƙe a cinya, ɗan kaso kaɗan ake biya masa.

Masauki. Ga iyali, otal mai ɗakin girki ya fi ɗakuna biyu a otal na gama-gari, kuma irinsa suna da yawa a Dera da Bur Dubai da Al Barsha. 'Yan kasuwarmu sun san Dera kamar tafin hannunsu, abinci da masauki duk da sauƙi, sai dai ta yi nisa da wuraren wasan. Dubai Parks and Resorts yana can Jabal Ali ne, kusa da iyakar Abu Dabi, Yas kuwa ta fi awa guda a mota. Al Barsha ta fi kusa, kuma tana kan layin jirgin Metro. A tambayi jimillar kuɗi kafin a amince, domin akwai harajin baƙi na dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki kowane dare, ga harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari.

Ɗakin girkin nan shi ne zai tsare aljihu. Ranar farko a shiga Lulu ko Carrefour a sayi shinkafa da taliya da ƙwai da burodi da katan ɗin ruwa. A cikin wuraren wasa abinci yana ninka kuɗin na gari, kuma yawancinsu ba sa bari a shiga da abinci daga waje, sai na jarirai. Dabarar ita ce a yi karin kumallo mai nauyi, da rana a sayi babban faranti biyu ko uku a raba, abincin dare kuma a ci a masauki ko a ƙananan shagunan shawarma da biryani na cikin unguwa. Abincin halal ne, akwai kuma ɗakunan salla na maza da mata a ciki, ba sai an fita ba.

Shiga jirgin Metro da katin biyan kuɗi na Nol na azurfa dirhami 3 ne zuwa 7.5, gwargwadon nisa, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar ba sa biya. A gargaɗi yara tun a gida: ci ko sha a cikin jirgi tarar dirhami 100 ce, haka namijin da ya shiga taragon mata da yara. Zuwa Abu Dabi akwai bas mai lamba E101 daga tashar Ibn Battuta da E100 daga Al Ghubaiba a kan dirhami 25, kuma masu wuraren Yas suna da motar kyauta da ke ɗaukar masu tikiti daga wasu wurare a Dubai, sai a duba jadawalinta kafin ranar. Ƙaramar tasi mutum huɗu take ɗauka. Iyali mai yawa ya nemi babba mai kujeru shida, ya fi ɗaukar biyu, kuma a tuna ana ƙara kuɗin ƙofar hanya na Salik a kan abin da mita ta nuna.

A cikin wurin kuwa, ƙananan abubuwa ne ke rarake kuɗi. Yawancin manyan lilo ta cikin shagon kayan wasa ake fita daga gare su, da gangan aka tsara haka, kuma yaron da ya sauko cikin zumuɗi zai riƙe 'yar tsana ya ƙi saki. A ba kowane yaro wani adadi tun da safe, a gaya masa abu ɗaya zai saya, kuma sai an zo tafiya. Hoton da na'ura ke ɗauka a kan lilo sayarwa ake yi, wayarka ta wadatar. In wurin wasan ruwa za a je, a tafi da tawul da kayan wanka masu rufe jiki daga gida, domin hayar tawul da ta akwatin ajiya duk kuɗi ne. Yas Waterworld yana ware lokuta na mata zalla, abin da zai sa uwargida da 'yan mata su sake su more kuɗinsu. In za a biya da kati, na'ura ta tambayi kuɗin wace ƙasa, a zaɓi dirhami, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Sauran kwanakin su ne sukan fi zama a zuciyar yara, kuma kusan kyauta ne. Kwalekwalen abra yana tsallaka ruwa tsakanin Dera da Bur Dubai a kan dirhami ɗaya. Rawar ruwa a gindin Burj Khalifa kallo ne na kowa da kowa, haka babban gilashin kifaye na Dubai Mall in daga waje aka tsaya. Lambunan Zabeel da Al Mamzar dirhami 5 ake shiga, na biyun ma har da bakin teku, kuma ana zuwa da abinci a shimfiɗa tabarma. Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi ba a biyan komai. In tafiyar ta faɗo tsakanin Oktoba da Afrilu, Global Village yana buɗe, kuɗin shigarsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na manyan wuraren ba, sai dai lilon ciki kowanne da kuɗinsa, don haka a ƙayyade adadi.

Roƙona ga iyaye shi ne kada a ci bashi don wannan tafiya, kada kuma a taɓa kuɗin makarantar zangon Satumba. A ware wani abu a gefe saboda rashin lafiya ko jinkirin jirgi. In an lissafa biza da jirgi da masauki da abinci da tikitin wuri ɗaya aka ga bai kai ba, a gaya wa yara gaskiya, a sa musu ranar baɗi, a ci gaba da tari.