Hujja Kafin Kuka

A shekarun da na yi ina aikin bin diddigin kasafin kuɗi tare da ƙungiyoyin al'umma, abin da na fi gani yana karya masu neman gyara, duk da kyakkyawar niyyarsu da yawan magoya bayansu, shi ne su tunkari hukuma da kuka alhali babu takarda a hannunsu. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati, in ka zo masa da "an ce", sai ya sallame ka da "za a duba".

To, takardun nan yanzu suna intanet, kyauta. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yakan ɗora kasafin kowace shekara, kowane aiki da lambarsa da ma'aikatarsa da abin da aka ware masa. Wanda kuwa lissafin ya ɗaure wa kai, ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, takan warware masa shi, ta kuma buɗe shafin Tracka domin bibiyar ayyukan mazaɓu. Shafin ƙungiyar PLAC yana nuna inda ƙudurin doka ya kwana a Majalisar Tarayya, musamman in ya isa hannun kwamiti, inda ake sauraron ra'ayin jama'a, kuma a nan ne akasarinmu muke makara.

Al'adata, in muka gano aiki, misali ɗakin shan magani da aka rubuta wa wani ƙauye, nakan buga takardar, in ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar, mu kai wa dagaci da limami su gani da idonsu, sa'an nan a rubuta wasiƙa bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwana 7. Sau da yawa, wallahi, shiru ake yi. Amma kwafin da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a gaban alƙali.

Kada a raina wannan tafarki. Lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara, kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega kuma suka maƙale, 'yan ƙungiyar Follow The Money ne suka yi ta bibiya tun 2012 har gwamnati ta saki kuɗin a farkon 2013.

Ya ɗan'uwa mai kishin jama'a, kafin ka kai ƙorafi Facebook, nemi lambar aikin mazaɓarku a kasafin bana, ka rubuta ta a saman wasiƙarka.