Amsar Tambaya: Gangar Banda a Gida

Wani magidanci daga Bukkuyum yana tambaya: wace ganga ta dace da bandar naman layya? Amsa ita ce, ya nemi gangar ƙarfe wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinta ba. Maƙeri ya yanka mata ƙofar wuta a ƙasa, ya ɗora raga a sama.

Wajen hura wuta, itacen kirya ya fi, garwashinsa na daɗewa. A yanka naman falle-falle, a barbaɗa gishiri, a bar hayaƙi ya ratsa shi sannu a hankali, ana juyawa har ya bushe ƙayau.

Sai kuma a kula da wurin ajiye gangar: gubar dalmar da ta kashe yara a ƙauyukan Yargalma da Dareta a 2010 daga ƙurar dutsen zinariya ta fito. Don Allah a nisanta gangar daga inda ake niƙa dutsen.