ZOBEN BAIKO A JIRGIN SAMA: DARASI A KAN RIƘON AMANA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani ɗan ƙaramin abu ne, wanda bai ko cika tafin hannu ba, amma ya isa ya ɓata zumunci, ya kuma wargaza maganar auren da aka daɗe ana ƙullawa. Watau zoben baiko, da yadda ya kamata Musulmi ya yi tafiya da shi a jirgin sama. Ga yadda abin kan faru. Saurayi ya tara kuɗinsa wata da watanni, sai ya ji kawunsa, ko wata Hajiya ta unguwa, za su Dubai ko za su Umra, ya ba su kuɗin su sayo masa zoben zinariya. An sayo, an dawo gida lafiya, an buɗe akwati, an nemi zobe sama da ƙasa an rasa. To, wa zai biya? Shi ya sa ya kamata mu san hukuncin tun kafin a shiga jirgi, domin rigakafi ya fi magani.

ASALIN AL'ADAR

Da farko dai mu sani cewa ba da zobe a matsayin alamar alkawarin aure tsohuwar al'ada ce ta mutanen Turai, tun zamanin Rumawa. Masu tarihinsu kan ambaci zoben daimon da Yarima Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy a shekarar 1477. Abin ya ƙara bazuwa cikin talakawan Amurka da Turai bayan kamfanin De Beers mai haƙar daimon ya ɗauki wani shahararren taken talla a 1947. Daga can al'adar ta watsu cikin duniya, har ta iske mu, ta shiga cikin kayan sa rana da na lefe.

A Musulunci kuwa baiko alkawari ne kurum. Ba ya halatta keɓewa, ba ya halatta taɓa jiki, saboda haka saurayi ba shi da ikon kama hannun yarinya ya zura mata zobe kafin a ɗaura aure. Amma zoben a kan kansa kyauta ce, kyauta kuwa halal ce, muddin ba a ƙudurce cewa shi ne ke riƙe da auren ba. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani sahabi matalauci mai neman aure ya je ya nemo abin sadaki, ko da zoben ƙarfe ne. Ke nan zobe dukiya ce da Shari'a ta san da ita, dukiya kuwa wajibi ne a tsare ta.

HUKUNCIN AJIYA

Wanda aka ba saƙon zobe ya kai wa wani, amana ce ya ɗauka. Allah Ya yi umurni da a mayar da amana ga masu ita a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58. A aya ta 283 ta Suratul Baƙara kuma, wadda ta fara da maganar masu tafiya, an gargaɗi wanda aka amince wa da ya sauke amanarsa, ya ji tsoron Allah. Mun kuma san cewa a lokacin Hijira, a shekarar 622 ta Miladiyya, Annabi ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali kuwa mutanen garin ne ke neman ransa.

Ƙa'idar malaman fiƙihu a nan ita ce, mai riƙon ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ibnu Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa ana gaskata mai ajiya in ya ce ta salwanta, amma in ya yi ta'adi a kanta, to biya ya hau kansa. Shaihu Halilu kuma, cikin Muhtasar, ya jera abubuwan da ke sa a biya. Ga kaɗan daga cikinsu: mutum ya yi amfani da ajiyar, ko ya ba wani ya ajiye masa ba tare da uzuri ba, ko ya manta da ita a wurin da aka ba shi, ko ya shiga gidan wanka da ita, ko ya yi tafiya da ita alhali yana iya barinta wurin amintacce. Har ma ya kawo cewa in mai kaya ya ce a saka su a tukunyar ƙasa, mai ajiya ya saka su a ta tagulla, aka sace, to zai biya, domin ƙyalli shi ke kiran ɓarawo.

Waɗannan malamai ba su ga jirgin sama ba, amma duk wanda ya yi nazarin maganganunsu zai ga kamar da matafiyin yau su ke yi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

AKWATI KO JIKI?

Mas'ala ta farko ita ce inda za a saka zoben. Malamai sun ce kowace dukiya ana ajiye ta a irin wurin da a ke ajiye makamanciyarta. Zinariya ba a ajiye ta inda a ke zuba atamfa da dabino. Akwatin da aka kai wurin awo ya bar hannun mai shi, zai bi ta hannuwan mutane da yawa waɗanda bai sani ba, wani lokaci ma a sauya masa jirgi a wata ƙasa. Kamfanonin jiragen sama da kansu kan rubuta cikin sharuɗɗan tikiti cewa kada a saka kuɗi ko kayan ado masu tsada a irin wannan akwati.

Dokar ƙasa da ƙasa ma ta iyakance diyyar kayan fasinja. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003, wadda kuma Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta sa iyakar diyyar kayan fasinja ɗaya a kan 1,000 na wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da a ke kira SDR. An ɗaga adadin zuwa 1,131 a 2009, da 1,288 a 2019, sa'an nan 1,519 a ƙarshen 2024, watau kimanin dalar Amurka 2,000. Ku lura, wannan ita ce iyakar abin da za a biya fasinja a kan kayansa gaba ɗaya, kome yawan akwatunansa, sai fa in ya bayyana darajar kayan tun a wurin awo, ya kuma biya ƙarin kuɗi in an nema. Har ila yau akwai wa'adi: kwana 7 don kai ƙara a rubuce in kaya sun lalace, kwana 21 in sun yi jinkiri.

Saboda haka wanda ya jefa zoben amana cikin akwatin awo, alhali yana da aljihu da jakar hannu, da wuya ya kuɓuta daga sunan mai sakaci. Wurin zobe shi ne aljihun ciki mai zif, ko ƙaramar jaka da ke rataye a jiki ƙarƙashin riga. In kuwa cikin jakar hannu ya ke, aka zo bakin jirgi ma'aikata suka ce wuri ya cika, za su karɓi jakar su kai ta wurin kaya, to a ciro zoben tukuna.

A SA A YATSA?

Wasu kan ba da shawarar a sa zoben a yatsa har a sauka. Wannan yana buƙatar rarrabewa. In namiji ne, zoben kuma na zinariya ne, bai halatta ya sa ba, domin hadisai ingantattu sun haramta wa maza ado da zinariya da alhariri, suka halatta wa mata. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya ga zoben zinariya a hannun wani mutum, ya cire shi ya jefar, ya kamanta shi da garwashin wuta. Abin da aka hana shi ne sawa. Ɗauka a aljihu ba laifi.

In mace ce, zoben kuma nata ne, to sawa ita ce mafi aminci, kuma zobe ɗaya bai cika tayar da ƙararrawar ƙofar bincike ba. Ta kuma sani cewa a mazhabar Malikiyya ba a wajabta cire zoben da aka halatta sawa ba a lokacin alwala, ko motsa shi. Zobba da yawa a bakin famfo a ke mantuwa da su, wannan kuwa shi ne ɗan'uwan gidan wankan da Shaihu Halilu ya ambata. Amma in zoben saƙo ne, kada Hajiya ta sa shi sai da izinin mai shi, domin sawa amfani ne da ajiya, in ya faɗi a wannan hali biya ya hau kanta. A nemi izinin tun a gida, kalma ɗaya ta wadatar.

WURIN BINCIKE DA KWASTAN

Wuri mafi haɗari shi ne layin bincike, inda a ke cire agogo da waya da ɗamara a zuba cikin tiren roba, ga gaggawa, ga turereniya. Kada a ajiye zobe tsirara cikin tire. A rufe shi cikin aljihun jaka tun kafin a shiga layi, a kuma sa ido a kan jakar har ta fito daga na'ura. In ma'aikaci ya ce a buɗe, a buɗe a gaban idon mai kaya, ana kuma iya roƙon a yi binciken a keɓe. Kada a miƙa wa abokin tafiya a ce riƙe mini, kada kuma a yi ta fito da jan akwatin zoben ana nuna wa na kusa. Tukunyar tagulla ke nan.

Sai maganar kwastan. Kowace ƙasa da dokarta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta wajabta a bayyana kuɗi ko zinariya ko duwatsu masu daraja in sun wuce dirhami 60,000. Mai shiga Ingila da sabon kaya irin wannan wanda ya wuce fam 390 sai ya bayyana, mazaunin Amurka mai komawa gida kuwa, rangwamen da aka saba yi masa dala 800 ne. Wajibi ne matafiyi ya tambayi dokar ƙasar da zai bari da ta wadda zai sauka. Ɓoye zobe cikin safa don gudun haraji ya haɗa laifi biyu: ƙarya in an tambaye shi, da jefa dukiyar wani cikin haɗarin ƙwacewa. In aka ƙwace, sakacinsa ne. Ya kamata tun farko a yi magana a kan wanda zai biya harajin in ya taso.

RUBUTU DA SHAIDU

Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa kunya ta kan hana mu. To a karɓi rasit daga mai shago, wanda ya nuna nauyin zoben da giram da kuma karat ɗinsa. Hatimin 916 da a ke bugawa a cikin zobe yana nufin karat 22, 875 karat 21, 750 kuwa karat 18. A ɗauki hotonsa da waya. In wani ne ya kawo saƙon a ƙunshe, kada a karɓa sai an buɗe an gani da ido, domin kome aka samu cikin kayan mutum shi za a tuhuma, ƙasashe irin su Saudiyya kuwa hukuncinsu a kan miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa.

In an sauka, a miƙa zoben a gaban shaidu. Risala ta bayyana cewa wanda aka umurta ya kai abu ga wani mutum dabam, ya ce ya kai, wancan ya musa, to sai ya kawo shaida, in ba haka ba ya biya. Ashe kawun da ya kai zobe gidan surukai da dare, ya miƙa wa wani yaro a zaure, ya jefa kansa cikin rigima da hannunsa. A wurin miƙawar kuma a faɗa a fili, kyauta ce ko kuwa cikin sadaki ne. In maganar aure ta lalace, malaman Malikiyya na baya sun rinjayar da cewa in namijin ne ya fasa ba ya karɓar kyautarsa, in kuwa daga ɓangaren macen ne yana karɓa, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka.

Daga ƙarshe, nasiha ga mai zoben. In ɗan saƙonka ya yi duk abin da ya kamata, ƙaddara ta faɗa, ɓarawo ya ƙwace, ko wani haɗari ya auku, ba ka da hakkin tilasta masa biya, ba ka kuma da hakkin ɓata masa suna a gari. Taimako ya yi maka. In kun yi saɓani a kan ko an yi sakaci ko ba a yi ba, ku kai wa alƙali ko malamin da kuka yarda da shi, shi ne zai duba yadda abin ya faru. Mai ɗaukar saƙo kuma, in ya san kansa da mantuwa, ya ce ba zai iya ba tun a gida. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa, sa'an nan ya dogara ga Allah.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya kuma sa albarka cikin aurarrakin 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.