Darasi Na 18: Ƙafar Injin Jirgi

Jama'a, yau za mu duba ƙafar inji, watau sashen nan na ƙasa wanda ya ke nutse cikin ruwa. Ido ba ya ganinta in jirgi yana tafiya, don haka mu kan manta da ita. Amma ran da ta lalace a tsakiyar kogi, ga mata, ga yara, ga buhunan hatsi, ƙarfin kan inji ba zai amfane mu da kome ba.

Abu uku ne manya a ƙafar inji: farfela, da giya, da famfon ruwa.

Farfela

Farfela ita ce ke tura jirgi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, akwai kututturan itatuwa da yawa ƙarƙashin ruwa. Matuƙan Yawuri sun san haka. In mun zo wurin kututture ko yashi, sai mu rage gudu, mu ɗaga ƙafar.

Wasu ƙananan injuna suna da ɗan fil wanda ke riƙe farfela. An yi shi don ya karye in farfela ta bugi dutse, giya ta tsira. Kada mu sa ƙusa a madadinsa. Ƙusar na iya ƙin karyewa, sai haƙoran giya su karye. Mu riƙa ajiye fil biyu da filaya cikin jirgi.

Kowane mako mu kwance farfela mu duba bayanta. Kafin mu taɓa ta, mu cire hular fulogi, don kada inji ya tashi ya sare mana yatsu. Zaren taru ya kan naɗe a nan. In ya daɗe, sai ya yanke robar da ke tsare ruwa, wadda makanikai ke kira sil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu cire zaren, mu shafa giris, mu mayar da farfela.

Man giya

Giya tana juyawa cikin mai. Nata man dabam ne, mai kauri, lamba 90. Ba a zuba mata baƙin man mota. Sabon inji a kan sāke masa mai bayan awa 20. Daga nan sai bayan kowace awa 100. Wanda ke aiki awa 4 kullum, kwana 25 ke nan.

Ga yadda a ke yi:

1. Mu tsai da inji a tsaye, mu ajiye kwano a ƙarƙashi.
2. Akwai sukurori biyu a jikin ƙafar. Mu kwance na ƙasa, sa'an nan na sama. Mai zai tsiyaye.
3. Mu ɗura sabon mai ta ramin ƙasa, har ya ɓullo ta ramin sama. Ta sama ba ya cika sosai, gama iska ta kan tare shi.
4. Mu fara ɗaure na sama, sa'an nan mu ɗaure na ƙasa da hanzari. Kowanne mu sa masa sabuwar washa.

Tsohon man nan yana ba mu labari. In baƙi ne, ba kome, tsufa ne. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. In mun ga ɓarɓashin ƙarfe manya, haƙoran giya sun fara cinyewa. Waɗannan biyu aikin makaniki ne, kada mu yi jinkiri. Tsohon mai kuwa kada mu zubar da shi a kogi, gama yana ɓata ruwan sha, yana cutar da kifi.

Kuma kada mu sa giya inji yana gudu da ƙarfi. Mu rage wuta tukuna.

Famfon ruwa

Cikin ƙafar akwai wata 'yar roba mai fukafukai. Ita ke jawo ruwa sama don ya sanyaya inji. In tana aiki, za mu ga siririn ruwa yana tsartuwa daga jikin inji. In bai fito ba, mu kashe inji nan da nan. Mu duba ƙofofin shan ruwa, ko leda ko ciyawa ta toshe su.

Kada mu tā da inji a tudu ko sau ɗaya. Ba ruwa, robar nan ta kan ƙone kafin minti ɗaya. Yashi kuma yana cin ta. Mu da ke aiki cikin ruwa mai yashi, gara mu sāke ta kowace shekara. Kuɗin roba kaɗan ne, kuɗin inji kuwa sai an sayar da sa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me ba a sa ƙusa a madadin fil?
2. Ta wane rami a ke ɗura man giya?
3. In mai ya yi fari, me ya faru?
4. Mutum yana aiki awa 5 kullum. Bayan kwana nawa zai sāke mai?

Aikin rubutu: Kowa ya rubuta ranar da ya sāke man giya a littafinsa, ya kawo wa malam ya gani.