Kafin Ki Sayi Babban Keken Ɗinkin Bargo

'Yar'uwa mai ɗinka zanin gado da bargon amare a Gummi don sha'awa, idan kin hango keken nan mai dogon hannu, irin na kamfanin Gammill na Amurka, ki fara auna ɗakinki. Teburinsa kaɗai yakan kai ƙafa 10 zuwa 14, ga kuma filin da za ki riƙa zagayawa, domin a nan keken ake turawa bisa yadin da aka shimfiɗa.

Sai maganar wuta. Ba ya aiki da ƙafa kamar Butterfly ɗinmu, kuma ta Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce. Ki sa kuɗin sola ko janareta cikin lissafi. Ƙurar hunturu ma tana cin injin, a lulluɓe shi kullum, a riƙa ɗiga mai.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Idan ya lalace, neman makaniki da kayan gyara zai iya kai ki Kano.

Mai yin bargo biyu ko uku a shekara, keken Juki ya ishe ta. Rarar kuɗin ta kai Kantin Kwari ta sayo yadi mai kyau.